Faɗaɗa muƙamuƙin sama bayan an girma: me yake yi wa ƙasusuwan kai?

“Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 31, ina zaune a Kubwa. Tun ina yaro haƙorana na sama a cunkushe suke, turamen hagu na sama kuma suna faɗawa ta cikin na ƙasa, har nakan ciji kuncina in ina cin abinci. Na ga likitoci biyu a nan Abuja. Na farko ya ce muƙamuƙina na sama ne ya tsuke, zai kafa mini ƙarfe a ganɗa da ƙananan ƙusoshi ya buɗa ƙashin. Na biyu ya ce a shekaruna ƙashi ya riga ya haɗe, sai da tiyata. A TikTok kuma wasu na cewa abin yana canza fuska kuma yana maganin minshari, wasu na cewa yana tsaga ƙoƙon kai. Don Allah me wannan aiki yake yi wa kan babban mutum? Zai iya taɓa ƙwaƙwalwa?”

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko ƙashin ɗan shekara 31 zai buɗu, in kuma ya buɗu me zai sami sauran ƙasusuwan kai, sannan a cikin likitocin nan biyu wa za ka bi. Bari in fara da abin da ya fi tayar maka da hankali. Kwanon ƙashin da ƙwaƙwalwa take ciki ba ya buɗewa, ba ya ƙara faɗi, ƙusoshin kuma ba sa zuwa ko kusa da shi. Amma ba zan ce maka aikin a cikin baki kaɗai ya tsaya ba. Yana motsa ƙasan hanci, yana ɗan motsa ƙashin kunci, nauyinsa kuma yana kaiwa har gindin kai. Duk hukuncin da za a yanke a kanka ya rataya ne a kan abu guda: idan aka juya notin da ke tsakiyar ƙarfen don a buɗa shi, ina ƙarfinsa zai tafi, kan ƙashi ko kan haƙori?

Yadda aka gina wurin

Kan babban mutum ƙasusuwa 22 ne, 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 su ne fuska. In ka cire muƙamuƙin ƙasa, wanda shi ke hawa da sauka, sauran duk a manne suke da juna ta wasu siraran mahaɗai masu zare a tsakani. Maɗigar jariri da iyaye mata ke kaffa-kaffa da ita, wuri ne da irin waɗannan mahaɗai suka gamu ƙashi bai riga ya cike ba. Muƙamuƙin sama shi ma ba ƙashi ɗaya ba ne. Biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a tsakiyar ganɗa, daga tsakanin haƙoran gaba biyu har zuwa baya. Ka sa harshenka a saman bakinka, layin da kake ji a tsakiya, ƙarƙashinsa mahaɗar take.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, rufin baki shi ne daɓen hanci. Ƙashi ɗaya ne, ta ƙasa ganɗa, ta sama hanyar iska. Kowane ɓari na muƙamuƙin sama yana taɓa ƙasusuwa 9, ciki har da na goshi, na karan hanci da na kunci, kuma shi ne mafi yawan shimfiɗar da ƙwayar ido take zaune a kai. Saboda haka babu yadda za a raba ɓarin dama da na hagu maƙwabta ba su ji a jikinsu ba.

A wajen yaro mahaɗar tsakiyar ganɗa kusan miƙaƙƙiya ce, mai laushi. Birte Melsen, wata likita ’yar ƙasar Denmak, ta nuna a 1975 yadda take sauyawa da shekaru: daga miƙaƙƙiya ta koma mai lanƙwasa, a lokacin balaga kuma gefunan biyu su shiga cikin juna. Marasa lafiyata nakan ce su haɗa tafukansu biyu su raba, sannan su sarƙe yatsunsu su sake gwadawa. Na farko ganɗar ɗan shekara 8 ce, na biyu ta saurayi. Bayan sarƙewar ne kuma ƙashi ke fara tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, yawanci daga baya yake farawa ya taho gaba.

To yaushe ke nan take rufewa? A nan ne likitocinka biyu suka rabu. Persson da Thilander na ƙasar Suwidin sun duba ganɗar mutane masu shekara 15 zuwa 35 a 1977, suka tarar da yarinya ’yar 15 da tata ta fara haɗewa, da kuma mace ’yar 27 da tata ba ta ko fara ba. Wato shekaru suna nuna inda aka dosa, amma ba sa faɗin halin da mutum guda yake ciki. A 2013 Fernanda Angelieri da abokan aikinta suka kawo hanyar duba mahaɗar da hoton CBCT, wanda ke nuna ƙashi ta kowace kusurwa, suka kasa ta mataki biyar, A zuwa E. A da B da C ba ta haɗe ba, D ta haɗe ta baya, E ta haɗe har gaba. Mafi yawan manya a D ko E suke, amma akwai waɗanda ake samu a C. Ma’aunin yana da rauninsa, don likitoci biyu sukan kalli hoto ɗaya su saɓa wajen ba shi harafi, sai dai ya fi ƙiyasi da shekaru nesa ba kusa ba.

Kuma ko da mahaɗar ta yarda, akwai wasu madogara biyu da ke riƙe da muƙamuƙin. Ta gefe akwai ginshiƙin ƙashin kunci, wanda za ka iya taɓawa da yatsa ta cikin baki, sama da turmi na farko. Ta baya akwai ƙafafu biyu da suka sauko daga sifinoyid, ƙashin da ya gitta gindin ƙoƙon kai. Shi sifinoyid guda ɗaya ne, ba shi da mahaɗa a tsakiya, don haka ƙafafunsa ba sa rabuwa, sai dai su ɗan lanƙwasa ko muƙamuƙi ya saki daga jikinsu. A wajen babba waɗannan biyun sukan fi ita mahaɗar tsakiya taurin kai.

Tsohuwar na’ura a bakin babba

Aikin ba sabo ba ne. Emerson Angell, wani likitan haƙori a San Faransisko, ya ba da labarin buɗa ganɗar wata yarinya ’yar shekara 14 tun a 1860, abokan sana’arsa da yawa suka ƙi yarda, tunda a lokacin babu hoton ƙashi da zai gaskata shi. Sai a 1961 Andrew Haas ya farfaɗo da hanyar. Na’urar ƙarfe ce mai noti a tsakiya, ana ɗaure ta a turame, kowace juyawa tana buɗa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. A bakin yaro kafin ya balaga tana aiki sosai, cikin makonni kaɗan ƙashi ya buɗe, sabon ƙashi ya cike tsakani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa muke roƙon iyaye su kawo yara a duba su tun suna shekara 7, musamman mai tsotsar yatsa ko mai kwana baki buɗe.

A bakin babba kuwa labarin daban ne. Ƙarfi kullum wuri mafi rauni yake bi. Idan ƙashi ya ƙi, haƙoran da aka ɗaure na’urar a jikinsu su ne za su biya. Kawunansu su karkata waje, saiwarsu ta matse siririn ƙashin da ke rufe da ita ta ɓangaren kunci har ya zaizaye, daga baya dasashi ya ja baya wuyan haƙori ya fito fili. A madubi sai mutum ya ga baki ya yi faɗi, ya yi murna, alhali ganɗa tana nan yadda take. Da zarar an cire ƙarfen, haƙoran sukan nemi komawa gidansu na da, amma ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa da kansa. Na sha karɓar irin waɗannan a ɗakin duba marasa lafiya: samari da ’yan mata da aka sa wa na’urar yara, suka zo da turame masu tsami in sun sha ruwan sanyi, wasu har suna girgiɗi. Abin yana ba ni takaici matuƙa, don gyaran ya fi asalin matsalar wuya da tsada. Idan wannan na’ura likitanka na biyu yake nufi da ya ce ba za ta yiwu ba, to ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari.

Wadda ake kafawa a ƙashi

Abin da likitanka na farko ya kwatanta shi ake kira MARPE. Maimakon a jingina da haƙora, ana kafa ƙananan ƙusoshi, galibi huɗu, a ƙashin ganɗa dama da hagu na mahaɗar, bayan an yi allurar kashe zafi. Ƙarfin notin sai ya sauka kai tsaye a kan ƙashi. Kee-Joon Lee da abokan aikinsa na Jami’ar Yonsei a Koriya ta Kudu ne suka wallafa rahoton da ya buɗe wannan hanya a 2010, a kan wani saurayi ɗan shekara 20. Won Moon, lokacin yana Jami’ar Kalifoniya ta Los Anjelis, ya fito da wani samfuri mai suna MSE, wanda ƙusoshinsa ke ratsa ganɗa har su kama ƙashin daɓen hanci don su yi ƙarko.

Idan ta yi nasara, ga abin da ke faruwa a kai. Mahaɗar tsakiya tana rabuwa. Ɓarin dama da na hagu ba sa tafiya a miƙe kamar an ja su a kan layi, juyawa suke yi waje, kowanne tare da ƙashin kuncinsa. Binciken Daniele Cantarella da abokansa da hoton CBCT a 2017 da 2018 ya nuna cewa madogarar wannan juyi tana can sama, kusa da inda ƙashin kunci ya haɗu da na goshi a gefen ido na waje. Saboda haka buɗewar ta fi yawa a ƙasa wajen haƙora, ta ragu a daɓen hanci, ta ƙara raguwa a kunci, kafin a kai goshi ta kusa ɓacewa. Ta baya kuma, a wajen wasu muƙamuƙi yana saki daga ƙafafun sifinoyid, a wajen wasu ƙafafun ne ke ɗan lanƙwasawa. Sauran mahaɗan fuska suna ɗan sassautawa, sannan su sake ƙarfi cikin watanni.

Ka lura da girman abin da muke magana a kai. Wani nazari da aka wallafa a 2021, wanda ya tattara binciken da aka yi kan matasa da manya, ya sami cewa mahaɗar ta buɗe a wajen kimanin kashi 92 cikin 100, ƙashi ya ƙara faɗi da milimita 2 da ɗoriya, tsakanin turame kuma fiye da milimita 6. Akwai darasi biyu a waɗannan alƙaluma. Na farko, ko da ƙusoshi a ƙashi, kaso mai tsoka na faɗin daga karkatar haƙora da lanƙwasar ƙashin da ke riƙe da su yake zuwa. Na biyu, kuma shi ya fi shafarka, mafi yawan waɗanda aka yi binciken a kansu ’yan shekara 20 ne ko kusa da haka. Wani binciken daga Koriya a 2022 ya raba maza da mata, ya tarar mata sun haura kashi 90, maza kuwa wajen kashi 60, kuma nasarar maza tana raguwa sosai yayin da shekaru ke ƙaruwa. Ƙashin namiji ya fi kauri, ginshiƙin kuncinsa ya fi ƙarfi. Namiji ɗan 31 yana cikin rukunin da ake iya gwadawa, amma sai an shirya wa rashin nasara tun kafin a kafa ƙusa ta farko.

Alamar nasara a fili take: wushirya. Idan ƙashi ya rabu, haƙoran gaba biyu za su rabu, sau da yawa cikin makonni biyu zuwa uku na fara juyi. Wasu suna jin ƙara kamar an ɓalla wani abu, nauyin da ke karan hanci ya sauka nan take. Mu da muke ganin wushirya ado ce, akan sami masu cewa a bar musu ita, sai dai takan rage da kanta domin zaren dasashi yana janyo haƙoran, wayar jera haƙora kuma ta ƙarasa rufewa. Idan aka yi ta juyi har makonni suka shuɗe babu wushirya, noti ya yi tauri, ƙusoshi sun fara karkata, to tsayawa ake yi a ɗauki hoto. Ci gaba da juyi a wannan hali shi ne tushen mafi yawan ɓarnar da ake ba da labari. A ganina nan ne ake gane ƙwararre: ba a iya kafa ƙusa ba, a sanin ranar da za a ce ya isa.

Bayan buɗewa ana kulle notin a bar na’urar a baki wata 3 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin sabon ƙashi ya cike ramin. A wajen babba cikewar ta fi jinkiri fiye da yaro. Sannan sai wayar jera haƙora, wadda kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, sai kuma abin riƙe haƙora na dare wanda kusan har abada ne.

Ƙwaƙwalwa da gindin kai

Yanzu ga tsoronka. Tsakanin ganɗa da ƙwaƙwalwa akwai dukan tsawon kogon hanci. Ƙusoshin iyakarsu daɓen hanci. Mahaɗan saman kai ba sa buɗewa, girman kwanon ƙwaƙwalwa ba ya canzawa, babu abin da ya shafi tunani ko haddace abu.

Inda masu tsoro suke da ɗan hujja shi ne sifinoyid. Jijiyar gani tana ratsawa ta cikinsa, haka jijiyoyin da ke juya ido, babbar jijiyar jini mai kai wa ƙwaƙwalwa jini ma ta gefensa take bi. Binciken da aka yi da kwamfuta, inda ake zana kan mutum a lissafa yadda nauyi ke yaɗuwa, ya nuna cewa a kan babba nauyin buɗa ganɗa yana taruwa a ƙafafun sifinoyid da kewayen waɗannan ƙofofi fiye da kan yaro. Akwai kuma ’yan rahotanni ƙalilan a tarihin likitanci, galibinsu bayan tiyata, na wanda ido ya daina juyawa daidai na wani lokaci, ko jini ya taru a bayan ido har gani ya taɓu. Da wuya ƙwarai a ga haka, amma ba na ɓoye wa duk wanda zan yi wa aiki. Jin nauyi a karan hanci, ƙarƙashin ido ko kunci na ’yan mintoci bayan juyi, da ɗan ciwon kai a kwanakin farko, wannan an saba. Amma ganin abu ɗaya ya zama biyu, ko gani ya dushe, ko fatar ido ta sauko, ko ciwon kai mai tsanani da amai, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko wani ruwa garai-garai yana ɗiga daga hanci, kowanne daga ciki ya isa a daina juyi a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Matsalolin da aka fi haɗuwa da su sun fi waɗannan sauƙi: ƙusa ta yi girgiɗi ko ta lanƙwashe, naman ganɗa ya kumbura a kewayen ƙarfe saboda abinci na maƙalewa, ko gefe ɗaya ya buɗe fiye da ɗayan. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wajenka, zan dawo kansa.

Fuska da numfashi

Fuska tana canzawa, amma da milimita. Gindin hanci yakan ƙara faɗi da milimita ɗaya ko biyu, kunci ya ɗan ciko, murmushi ya ƙara faɗi saboda duhun da ke gefen baki ya ragu. Matarka ko mahaifiyarka za su iya lura, abokin aikinka a ofis wataƙila ba zai gane ba. Hotunan “kafin” da “bayan” da kake gani a waya, mafi yawan bambancinsu haske ne da kusurwar kyamara da rage ƙiba. Faɗin gindin hanci kuwa ba kowa ke sonsa ba, kuma ba lallai ya koma ba, don haka ka yi tunaninsa tun yanzu.

Maganar numfashi tana da tushe. Tunda daɓen hanci na buɗewa, hanyar iska tana ƙaruwa, da yawa sukan ce hancinsu ya buɗe. A Jami’ar Stanford ta Amurka, Stanley Liu da Audrey Yoon da marigayi Christian Guilleminault sun haɗa ƙusoshi da ƙaramar tiyata, suka kira hanyar DOME, don masu ɗaukewar numfashi cikin barci waɗanda ganɗarsu ta tsuke. An ga sauƙi a wajen waɗanda aka zaɓa da kyau. Amma minshari yana da iyaye da yawa: ƙiba, girman harshe, kumburin maƙogwaro, karkatar bangon tsakiyar hanci, toshewar hanci lokacin hunturu da ƙura. Wannan ba fannina ba ne ni kaɗai. Idan ana ce maka numfashinka yana ɗaukewa cikin dare, ko kana gyangyaɗi a kan sitiyari a hanyar Kubwa, ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a yi maka gwajin barci. Kada a buɗa ganɗarka da sunan maganin ciwon da ba a auna ba.

Tiyata, da hanyoyin da ba a gaya maka ba

Tiyatar da likita na biyu ya ambata, SARPE, ta fi MARPE daɗewa, tun wajen shekarun 1970 ake yin ta yadda muka san ta. Likitan tiyatar baki da muƙamuƙi yana bi ta cikin baki, babu tabo a fuska, ya yanka ƙashin gefe sama da saiwoyin haƙora, ya tsaga tsakiya, sau da yawa ya saki baya daga ƙafafun sifinoyid. Bayan ’yan kwanaki sai a fara juyi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ta fuskar nauyin da ke hawa sama zuwa kunci da gindin kai yayin juyi, ita ce ta fi sauke shi, tunda an yanke madogaran a ƙasa. Wahalarta ita ce maganin barci, kumburi, zubar jini, mutuwar leɓe ko kunci na wani lokaci, wani sa’in haƙorin gaba ya canza launi. Ga wanda mahaɗarsa ta kai E, ko yake buƙatar faɗi mai yawa, ita ce hanya mafi tabbas. Akwai kuma tsaka-tsaki, inda ake huda ko ɗan yanka layin tsakiya kaɗai don a taimaki ƙusoshi.

Sai dai kafin duk wannan, akwai tambayar da nake so ka sake yi musu: shin ƙashin ne ya tsuke da gaske? Ka ce gefen hagu ne kawai yake faɗawa ciki. Wannan na iya nufin abubuwa daban-daban. Wani, duka gefen biyu ne suka ɗan tsuke, sai muƙamuƙin ƙasa ya riƙa gocewa gefe guda don haƙora su sami wurin zama. Wani, turame biyu ko uku ne kawai suka karkata ciki, ƙashi lafiya lau, waya kaɗai za ta miƙar da su. Wani kuma muƙamuƙin ƙasa ne ya girma a karkace, buɗa na sama ba zai warware komai ba, sai ma ya sa gefen dama mai lafiya ya yi faɗi fiye da kima. Ka kuma sani cewa muƙamuƙin ƙasa ya haɗe ya zama ƙashi ɗaya tun kana jariri, ba ya buɗuwa sai da tiyata, don haka shi ne ke iyakance yawan faɗin da za a ba na sama. Cunkoson haƙora shi kaɗai ba dalilin tsaga ganɗa ba ne. Ana iya samun wuri ta hanyar goge gefunan haƙora kaɗan, ko cire wasu. Ko da alƙaluman faɗin baki da ke littattafanmu, galibi a kan Turawa aka auna su, bakin baƙar fata kuma a jimlace ya fi faɗi, shi ya sa nake gwada na sama da na ƙasan mutum shi kansa maimakon lambar littafi.

Ka yi nesa da duk na’urar da aka ce tana “tsiro da sabon ƙashi” a babba ba ƙusa ba tiyata. A watan Maris na 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi kan irinsu, ciki har da wadda ake kira AGGA, bayan rahotannin haƙora da suka fita daga ƙashi, suka yi girgiɗi, wasu suka zube. Dannar ganɗa da harshe da samari ke koya wa juna a intanet ma ba ta buɗa mahaɗar babba.

Abin da zan so ka yi

Ba zan iya zaɓar maka tsakanin likitocin nan daga wasiƙa ba, sai na ga bakinka da hotonka. Amma da ƙanena ne kai, ba zan bari a kafa maka ƙusa ko a kai ka ɗakin tiyata ba sai an yi CBCT, kuma ana samun sa a Abuja. Shi zai nuna matakin mahaɗar, kaurin ganɗa inda ƙusoshi za su zauna, yawan ƙashin da ya rage a bayan saiwar turame, da ko hancin yana da wata matsala. A duba dasashinka, domin ba a fara wannan aiki a kan dasashi mai zubar jini. Ka faɗa musu idan kana da ciwon suga, ko kana shan taba ko shisha, ko kana shan maganin tsinka jini. Idan kana da sikila ka faɗa tun a zaman farko. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin sikila tana canza yanayin ƙashin muƙamuƙi, tana sa ƙashi saurin kamuwa da ƙwayar cuta, maganin barci kuma yana buƙatar shiri na musamman tare da likitan jini.

Ka tabbatar wanda zai yi aikin yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, kuma ya yi karatun ƙwarewa a fannin jera haƙora, ba digirin farko kaɗai ba. Ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi ko ya taɓa yi wa maza sa’anninka, da yadda suka ƙare. Ka tambaye shi milimita nawa yake nema, kwana nawa zai jira wushirya kafin ya tsaya, kuma in ƙashi ya ƙi, wane likitan tiyata zai miƙa ka gare shi, da ko kuɗin da za ka biya ya haɗa da hakan. Idan kana son ra’ayi na uku, sashen haƙori na Asibitin Ƙasa ko na Asibitin Koyarwa da ke Gwagwalada wuri ne da za ka nemi ganin ƙwararru. Ka tafi da hotonka a faifai ko a waya don kada a sake haska ka ba dalili. Kuma ka zaɓi lokacin da ba ka da doguwar tafiya, domin a makonnin juyi likita zai so ganinka kusan kowane mako. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa a dace.